Rediyon yana hannuna amma ƙara kawai nake ji: daga ina zan fara?

Tambayarka a taƙaice, ɗan'uwa, ita ce: ka mallaki rediyon aikawa da karɓa na gajeren zango mai ƙarfin wat 100, da wani ƙarami na hannu. Ka jona masa guntuwar waya ka rataya a taga, ka kunna, ka yi ta murɗawa har ka gaji, ba abin da kake ji sai "shaaa" da wasu muryoyi kamar kukan agwagwa. Jarrabawar lasisi kuma ba ka zauna ta ba tukuna. Wani ya ba ka shawarar ka nemo amfilifaya, kana so ka san ko hakan daidai ne, da kuma abin da ya kamata ka soma da shi.

Kada ka sayi amfilifaya. Aikinta ƙara wa muryarka ƙarfi lokacin da za ta fita, kai kuwa a yanzu matsalar ji gare ka. Wanda ba ka jin sa ba za ka iya zantawa da shi ba, ko da wat dubu ka tura masa. A wannan harka kunne ake fara gyarawa, baki ya biyo baya, kunnen rediyo kuwa eriya ce.

Batun lasisi ba sai na tsawaita ba. Saurare a zangunan 'yan rediyon sha'awa, wato masu zantawa da juna ta rediyo don sha'awa kawai, ba ya bukatar izini a yawancin ƙasashe, amma aikawa sai da lasisi da lambar kira daga hukumar sadarwa ta ƙasar da kake. Lambar tana farawa da haruffan da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ware wa kowace ƙasa: 5N na Najeriya, 5U na Nijar, 9G na Gana, F na Faransa, JA na Japan, K ko W ko N na Amurka. Da jin farkon lambar mutum ka san inda yake. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ba talla, ba kasuwanci, ba sanya kiɗa, ba ɓoye ma'anar saƙo, kuma dole ka riƙa ambaton lambarka a kai a kai. Idan tsoron haruffan Morse ne ya sa kake jan ƙafa, ka kwantar da hankalinka: tun taron ITU na 2003 aka cire wajabcinsu daga dokar duniya, ƙasashe da yawa kuma suka daina jarraba su. Ka cire makirfo ka ajiye shi a aljihun tebur har ranar da takardarka ta fito. Watannin da za ka yi kana jira su ne mafi amfani a koyonka, in har ka cika su da saurare.

To, me ya sa ba ka ji? Dalilai huɗu nake zato, zan fara da mafi sauƙi.

Na farko, muryar agwagwar nan albishir ce, domin mutane ne ke magana, rediyonka kuma lafiyarsa lau. Tashoshin watsa labarai da ka saba ji a gajeren zango da salon AM suke aiki. 'Yan sha'awa kuwa da SSB suke magana, wato an yanke rabin siginar an bar gefe ɗaya don a yi tattalin ƙarfi da wuri. Gefen ƙasa shi ne LSB, na sama USB. Al'adar da aka bi shekara da shekaru ita ce: ƙasa da megahaz 10 ana amfani da LSB, sama da haka USB. Saboda haka a zangon mita 40 da mita 80 (da tsawon igiyar siginarsa ake kiran kowane zango) ka zaɓi LSB, a mita 20, 17, 15 da 10 ka zaɓi USB. Idan ka sa gefen da ba shi ba, duk yadda ka murɗa muryar ba za ta waye ba. Ko a gefen da ya dace ma sai ka sassauta hannu. Kuskuren hazi ɗari biyu ya isa ya mayar da muryar ƙato ta koma ta yaro. Ka riƙa juya ƙullin a hankali har muryar ta zauna daram kamar ta mutumin da ke gabanka.

Na biyu, wuri da lokaci. Duniya ta kasu yanki uku a tsarin ITU. Yanki na ɗaya ya haɗa Afirka, Turai da Gabas ta Tsakiya, na biyu nahiyoyin Amurka, na uku yawancin Asiya da Ostireliya. A yanki na ɗaya zangon mita 40 ya kama daga megahaz 7.000 zuwa 7.200, mita 80 daga 3.500 zuwa 3.800. Mita 20 kuwa daga 14.000 zuwa 14.350 ne a ko'ina, mita 15 daga 21.000 zuwa 21.450, mita 10 daga 28.000 zuwa 29.700. Ƙasan kowane zango na masu Morse da masu kwamfuta ne, masu murya suna daga sama. Idan murya kake nema a mita 20, ka yi yawo tsakanin 14.150 da 14.340.

Lokacin kuma rana ce ke juya shi. Siginar gajeren zango tana kai wa nesa ne saboda tana tashi sama, ta bugi wani sashe na sararin samaniya da ake kira ayonosfiya, ta lanƙwaso ta dawo ƙasa. Sashen nan hawa-hawa ne. Hawan ƙasa, mai suna D, yana tsakanin kilomita 60 zuwa 90, hasken rana ne ke samar da shi, kuma aikinsa shanye siginar ƙananan zanguna. Shi ya sa mita 80 ke mutuwa da tsakar rana, mita 40 ma ba ya nisa. Da rana ta faɗi hawan D ya watse, sai siginar ta samu hanya zuwa hawan F da ke can sama da kilomita 200, ka ji ƙasashe masu nisa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Manyan zanguna akasin haka suke: mita 15 da mita 10 suna bukatar rana ta cika hawan F da ƙarfi kafin ya iya mayar da su, don haka da rana suke buɗewa, kuma sun fi kyau a shekarun da tabon rana ya yi yawa, abin da ke zagayowa kusan duk shekara 11. Mita 20 ne ɗan tsakiya, shi ya sa nake tura duk sabon shiga can. Ka ba shi awa ɗaya kafin faɗuwar rana da awa ɗaya bayanta, za ka sha mamaki.

Akwai wata hanyar gwaji da nake ƙauna ƙwarai. Ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta duniya, IARU, wadda aka kafa a Paris a 1925, tare da gidauniyar NCDXF suna da tashoshi 18 a sassan duniya, daga New York zuwa Finland, Kenya, Afirka ta Kudu, Japan da Ostireliya. Suna aikawa bi da bi a kan 14.100, kowace na daƙiƙa goma, su zagayo duk minti uku. Haka kuma a 18.110, 21.150, 24.930 da 28.200. Ba kullum ne dukansu ke aiki ba, amma idan ka sa rediyonka a CW, wato salon Morse, ka zauna minti uku, ka san ɓangaren duniyar da ƙofarsa ke buɗe gare ka. Kowace tasha tana faɗin lambarta, sannan ta ja dogon sauti sau huɗu: na farko da wat 100, na biyu da wat 10, na uku da wat 1, na huɗu da kashi ɗaya cikin goma na wat. Ranar da ka ji na ukun tangararas daga wata nahiya, kai da kanka za ka ajiye zancen amfilifaya. Lissafin ma ya nuna haka. Ma'aunin ƙarfin sigina da ke allon rediyo yana tafiya daga S1 zuwa S9, kowane mataki desibel 6 ne, wato ninki huɗu na ƙarfi. Wanda ya tashi daga wat 100 zuwa wat 400 mataki ɗaya tak ya ƙaru da shi a kunnen abokin maganarsa.

Na uku shi ne eriya, kuma a nan nake so mu daɗe. Wayar taga za ta kamo wani abu, amma ta fi kamo hayaniyar kayan wutar ɗaki, kuma in ka yi aikawa da ita kana iya lalata rediyon. Eriyar da nake so ka fara da ita da hannunka za ka haɗa, sunanta daifol: waya biyu masu tsayi ɗaya, a miƙe ɗaya hagu ɗaya dama, kebul ya sauko daga tsakiyarsu. Tsayin duka a mita shi ne 143 a raba da firikwensin da kake so a megahaz. Na 14.200 ya kama mita 10 da santimita 7, wato kowane hannu mita 5 da 'yan kai. Na 7.100 ya kama mita 20 da santimita 14, kowane hannu mita 10 da kaɗan, kuma wannan na mita 40 yakan yi aiki a mita 15 ma. Wayar wuta ta tagulla irin ta gida ta wadatar. Ka yanke da ɗan rara, kamar santimita 20 a kowane gefe, domin ragewa ta fi ƙari sauƙi. Bakin kowane hannu ka ɗaure shi a guntun filastik mai kauri, daga nan igiya ta ɗauka zuwa bishiya ko turke. Kebul ɗin ya zama kowaks mai om 50, irin RG-58 idan tazarar gajeriya ce, ko RG-213 idan ta yi tsawo. Zaren tsakiyarsa ya tafi hannu ɗaya, ragar da ke kewaye ta tafi ɗayan. Idan ka samu balun mai 1:1 ka sa a mahaɗar, zai hana sigina gangarowa ta bayan kebul zuwa ɗakinka. Ka toshe mahaɗar sosai, domin ruwa in ya shiga kowaks ya gama da shi a hankali ba tare da ka sani ba.

Tsayin da ka ɗaga ta ya fi kaurin wayar da tsadar kebul tasiri. Daifol ɗin mita 20 da ke mita 10 daga ƙasa tana harba sigina a kwance-kwance, ta tafi nesa. Wadda ke mita 3 sama take harbawa, ba ta kai wa nesa sosai. Wannan ma yana da amfaninsa: a mita 40, eriya mai ƙasa-ƙasa ita ce ke haɗa ka da mutanen da ke 'yan ɗaruruwan kilomita kewaye da kai. Idan turke ɗaya gare ka, ɗaga tsakiyar, ka sauko da hannuwan gefe da gefe kamar rufin ɗaki, tana aiki da kyau. Abu guda da ba na sassauci a kansa: kada eriya, ko turkenta, ko tsanin da za ka hau su kusanci wayar lantarki ta titi. Ka auna da ido: in turken ya faɗi ta kowace fuska, zai taɓa ta? In amsar e ce, canja wuri. An rasa rayuka ta wannan hanya. Kuma bakin daifol yana ɗaukar ƙarfin wuta mai ƙuna lokacin aikawa, don haka ya zama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Dalili na huɗu hayaniyar gidanka ce. Cajar waya, ƙwan LED, inbata, na'urar cajin sola, talabijin, duk suna iya zuba ƙara a gajeren zango. Na taɓa shafe makonni ina fama da ƙara mai kai S8 a mita 40, ina zargin eriya, ashe wata ƙaramar caja ce a ɗakin da ke kusa. Da na zare ta allurar ta faɗo S3, tashoshin da ke binne a ƙarƙashi suka fito fili. Gwajin ba wuya: ɗora rediyon a kan batir, ka kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni, ka dubi ma'aunin. In ya sauka, mai laifin yana cikin gida, sai ka riƙa mayar da kaya ɗaya-ɗaya har ka kama shi. Rage ƙara da mataki uku daidai yake da a ce kowa a duniya ya ninka ƙarfinsa sau sittin da huɗu dominka.

Maɓallan gaban rediyon suna da yawa, amma kaɗan za ka riƙa taɓawa. AF shi ne ƙarar lasifika. RF GAIN kuwa yawan abin da rediyon ke haɗiya ne daga eriya, kuma sababbi sukan bar shi a ƙure, su ƙara da kunna PREAMP, mai ƙara wa siginar da ke shigowa ƙarfi, sai ƙara ta cika musu kunne. Ka zare eriya ka mayar: in "shaaa" ɗin ya ƙaru da ka mayar, rediyon yana jin duk abin da zai iya ji, PREAMP ba zai ƙara maka komai ba sai gajiya. A mita 40 da 80 da dare ma sau da yawa ATT, mai rage sigina, shi ne ke sa murya ta fito. Faɗin matata ka bar shi wajen kilohaz 2.4 don murya, hazi 500 don Morse. AGC, mai daidaita ƙarfin ji da kansa, a SLOW don murya. RIT ka tabbata a kashe yake, domin yana kawar da wurin saurarenka daga wurin aikawarka, ka yi ta kira ana amsa maka a gefe. SQL, mai rufe lasifika idan ba sigina, ba shi da aiki a SSB, buɗe shi gaba ɗaya.

Wuta kuma: irin wannan rediyo bolt 13.8 yake so, kuma yana jan sama da amfiya 20 idan yana aikawa da cikakken ƙarfi. Na'urar ba da wutar ta zama mai amfiya 25 ko 30, wayar ta zama gajeriya mai kauri, da fis a kanta. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, ka duba sau biyu kafin ka kunna.

Ranar da lasisi ya fito, kada ka fara da kira. Fara da awo. SWR shi ne ma'aunin yadda eriya ke karɓar abin da rediyo ya tura mata. A 1.5 kashi 4 cikin ɗari ne ke dawowa, a 2 kashi 11, a 3 kashi 25, kuma yawancin rediyoyin zamani suna rage ƙarfi da kansu in ya haura 2 don kare kansu. Rage ƙarfi zuwa wat 5, nemi wurin da ba kowa, faɗi lambarka, ka auna a ƙasan zango, tsakiya da sama. Idan SWR ya fi ƙanƙanta a ƙasan inda kake so, wayar ta yi tsawo, ka rage santimita biyu ko uku a kowane gefe daidai wa daida, ka sake awo. In ya fi ƙanƙanta a sama, ta gajarta. Duk abin da ke ƙasa da 2 ya isa, kada ka ɓata mako guda kana farautar 1.0. Maɓallin TUNE da ke cikin rediyon yana faranta wa rediyon rai ne kawai, ba ya mayar da mummunar eriya kyakkyawa. Gwajin makirfo kuwa a kan eriyar ƙarya ake yi, wato dami-lod mai om 50 wadda ke mayar da sigina zafi. Yi magana da muryarka ta kullum, makirfo na ɗan nesa da leɓe, ka daidaita MIC GAIN har allurar ALC, mai nuna ko murya ta yi yawa, ta riƙa motsi cikin iyakar da aka zana mata. In ka wuce nan muryarka za ta dagule, ta fantsama kan maƙwabta. Kada ka damu in ma'aunin ƙarfi bai tsaya a 100 ba, a SSB ƙarfin yana bin hawa da saukar murya ne. Ka kuma kula da bakin zango: siginar USB tana mamaye kusan kilohaz 3 sama da lambar da ke allo, saboda haka wanda ya tsaya a 14.349 ya riga ya fita gona. Iyakarka 14.347.

Zantawar farko ta fi sauƙi idan kai ne ka amsa kiran wani. Nemi mai ƙarfi da ke kiran CQ, wato "ko akwai mai ji na", ka saurare shi ya gama da mutum biyu ko uku har ka riƙe lambarsa da salonsa. Da ya saki, danna PTT, maɓallin magana da ke jikin makirfo, ka ɗan dakata rabin daƙiƙa, ka faɗi lambarka cikakkiya sau ɗaya da haruffan duniya, Alfa, Bravo, Charlie, Delta har zuwa Zulu, ka saki. Zai ba ka rahoto mai lamba biyu: ta farko daga 1 zuwa 5 yadda maganarka ke fita, ta biyu daga 1 zuwa 9 ƙarfinta. Kai ma ka ba shi nasa, kuma ka faɗi gaskiya. In 55 ka ji shi, kada ka ce 59, domin da rahotonka yake auna eriyarsa. Daga nan suna, da QTH wato inda kake, sai 73, gaisuwar sallama. Za ka ji QRM, cunkoson wasu tashoshi. QRN, ƙarar tsawa. QSB, sigina na hawa da sauka. QRZ, wa ke kira na. Ka gaya masa wannan ce zantawarka ta farko. Ban taɓa jin wanda aka faɗa wa haka bai sassauta murya ya yi murna ba. Idan kuma kai za ka yi kira, saurara tukuna, ka tambaya sau biyu ko akwai mai amfani da wurin, domin sau da yawa kana jin shiru ne alhali wani da ba ka ji yana tsakiyar magana. Rubuta komai a littafi: kwanan wata, lokaci a agogon UTC, firikwensi, lamba, rahoto.

Ƙaramin na hannu labarinsa daban. Yana aiki a mita 2, wato megahaz 144 zuwa 146 a yanki na ɗaya, da santimita 70, da salon FM, ƙarfinsa wajen wat 5, kuma siginarsa kusan iyakar ganin ido take tafiya. Hawa bene ko tudu ya fi komai taimakonsa. Nisa yana samuwa ta rifita, na'urar da ake kafawa a wuri mai tsayi tana karɓa tana maimaitawa. A mita 2 tazarar wurin ji da wurin aikawa kilohaz 600 ce, kuma yawancinsu sai ka sa wani siririn sauti mai suna CTCSS kafin su buɗe maka. Wurin kiran kai tsaye a yanki na ɗaya 145.500 ne. Ko yau, ba tare da lasisi ba, kana iya sa shi a 145.800 lokacin da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ke giftawa, kilomita 400 a samanka. Wani lokaci 'yan sama jannati kan zanta da ɗalibai a nan, giftawar kuma ba ta wuce minti goma.

Za ka ji ana ta zancen FT8, salon kwamfuta da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, da Steve Franke suka fitar a 2017. Saƙo ne gajere da ake musaya duk daƙiƙa 15, kuma kwamfuta na tsamo shi daga ƙarƙashin ƙarar da kunne ba ya jin komai a cikinta. Wurinsa 14.074 da 7.074, duka a USB, har a mita 40 ɗin. Don gwada eriya ba shi da na biyu: ka haɗa rediyon da manhajar WSJT-X, ka daidaita agogon kwamfutar, cikin minti biyar allon zai nuna maka ƙasashen da kake ji. Ni dai ina so ka fara sabawa da murya, domin a can ake koyon haƙuri da ladabin zango, kuma kunnen da ya saba tsamo lamba daga cikin ƙara ba ya mancewa.

Duk lokacin da ka tashi daga teburin, musamman in hadari ya haɗo, zare kebul ɗin eriya daga rediyon ka nisanta shi, ka zare na wuta ma. Ba sai aradu ta faɗo a kan wayarka ba, wadda ta faɗi a unguwa ma ta isa ta ƙone sashen karɓa na rediyon.

Ka haɗa daifol ɗin mita 20 a ƙarshen makon nan, ka ɗaga ta iyakar iyawarka, ka yi gwajin kashe wutar gida. Sannan ka rubuto mini abu uku: inda allurar S ke tsayawa a 14.200 da wuta a kunne, inda take tsayawa da wuta a kashe, da tashoshi nawa ka ji a 14.100 cikin minti uku da yamma. Da waɗannan zan iya gaya maka ko eriyar za mu ƙara ɗagawa, ko cajar da za mu fara nema.